Ranar da aka yanke konekisiyo, me ya rage cikin salularka?

 

Kafin in shiga magana, kowa ya ciro salularsa, ya ja allon daga sama zuwa ƙasa. Kun ga waɗannan ƴan alamomi da suka jeru? Ga ta konekisiyo, ga Wifi, ga Bluetooth, wasu ma suna da NFC. Kowace ɗaya ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓa ba tare da igiya ba. Amma yawancinmu guda ɗaya muka sani, wadda ke cinye mana forfe.

Ni kaina sai da na ji jiki na koya. Ranar 24 ga Fabrairu 2021, kwana ɗaya bayan sanar da sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka yanke intanet na salula a ƙasar nan har wajen kwana goma. Lokacin ina Yamai, ina fama da rubutun kammala jami'a. Littattafan da nake buƙata suna cikin salular abokina, muna zaune bisa tabarma ɗaya a fada, amma mun naɗe hannu muna jiran WhatsApp ya dawo. Ƙanena mai gyaran salula ya iso, ya ji labari, ya yi dariya ya ce, "Yaya, karatun naku bai kai nan ba?" Ya karɓi wayoyin biyu, ya buɗe Xender, kafin a sauke shayi na biyu komai ya shigo. Wallahi na ji kunya.

To, me ya faru? Idan ka aika saƙo ta konekisiyo, salularka da anten ɗin kamfani take magana, ko da yana da nisan kilomitoci. Daga anten saƙon ya bi layukan kamfani, ya fita ƙasar waje inda manyan kwamfutocin WhatsApp suke, sannan ya dawo ga wanda ke zaune kusa da kai. Duk mai iko da wannan hanya yana iya toshe ta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ya fi namu a Satumba 2021, don su anten ɗin aka kashe gaba ɗaya, babu kira, babu SMS.

Sauran rediyoyin ba su bi ta anten. Ku ɗauki Wifi. Mutane da yawa sun ɗauka Wifi shi ne intanet, alhali hanya ce kawai ta haɗa na'urori da ke kusa, cikin gida ɗaya ko fili ɗaya, a zangon gigahaz 2.4 ko 5. Abin da Xender ya yi rannan shi ne ya mai da salula ɗaya tashar Wifi, ɗayar ta haɗu da ita. Ko dala ba ta fita daga forfe ba.

Bluetooth kuma injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aikinsa a 1994, aka raɗa masa laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na 10. Nisansa kamar mita 10 ne, bai kai Wifi sauri ba, amma ba ya cin batiri sosai. Shi ya sa ya dace da abin saurare na kunne da lasifika. NFC shi ne autansu, sai na'urori biyu sun kusan taɓa juna, santimita kaɗan, kamar lokacin da ake kara katin banki a na'urar biya. Kada kuma mu raina rediyon FM da ke cikin salula da yawa. Ka soka igiyar kunne, ita ce anten ɗinsa, ka ji labarai ba tare da pus ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai waɗanda suka ƙara gaba. A Hong Kong, masu zanga-zanga sun yi amfani da FireChat a 2014, sannan Bridgefy a 2019. Irin waɗannan manhajoji suna sa saƙo ya yi tsalle daga salula zuwa salula ta Bluetooth har ya isa ga mai shi, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu da hannu ranar gobara.

Sai dai ban zo in sayar muku da mafarki ba. Wannan dabara tana buƙatar cunkoson mutane masu manhaja iri ɗaya. Za ta iya aiki cikin kasuwa ko filin taro, amma ba za ta kai saƙo daga Maradi zuwa Dakoro ba. Na biyu, abin da ya tashi a iska, kowa da ke kusa yana iya kama shi. A 2020 masu bincike na jami'ar Royal Holloway ta Ingila sun nuna cewa ana iya karanta saƙonnin Bridgefy, ana iya kuma gane wa ke magana da wa. Na uku, kuma shi ya fi damuna: bidiyon da ya zo maka hannu da hannu ba lalle ne ka san ranar da aka ɗauke shi ko wurin ba. Lokacin da babu intanet na bincikawa, ƙarya ta fi gudu. Haka manhajar da wani ya tura maka a fada, ba ka san abin da aka cusa cikinta ba.

Don haka ga roƙona. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau da konekisiyo ke nan, ka sauko da abin da ba ka iya rasawa: takardun karatu, hoton katin shaida, takardar maganin iyayenka, taswirar garinku. Ka rubuta lambobi goma masu muhimmanci a takarda. Ku gwada tura fayil tsakaninku ba tare da forfe ba, har hannunku ya saba. Ka sa wa tashar Wifi ɗinka kalmar sirri mai ƙarfi, ka kashe Bluetooth idan ba ka aiki da shi. Bidiyon da ba ka san asalinsa ba, ya tsaya a wurinka.

Wannan duka ba zai maye gurbin intanet ba. Mai sayar da turare ta WhatsApp da ɗalibin da ke jiran amsar gurbin karatu, kwana goma asara ce da Bluetooth ba zai biya musu ba, kuma za mu ci gaba da faɗin haka da babbar murya. Amma kafin a tashi daga nan, kowa ya juya ga na kusa da shi, ku kashe konekisiyo, ku tura wa juna hoto ɗaya. Wanda ya kasa ya ɗaga hannu, ƙanena yana can baya, yau kyauta yake koyarwa.