Tsakanin Fata da "Da Ma": Kalmomin "Hope" da "Wish" a Turanci



Akwai kalmomi biyu na Turanci waɗanda suka daɗe suna yi wa Bahaushe tarko, watau "hope" da "wish". Dukkansu tsofaffi ne, suna cikin harshen tun kafin Normawa su ci Ingila a 1066, har ma suna da 'yan'uwa a Jamusanci. Ɗalibi yakan fassara su duka da fata, daga nan kuwa kuskure ke farawa.

Bambancinsu ya rataya ne a kan sani. Mai cewa "hope" bai san yadda al'amari zai ƙare ba, ƙofa tana buɗe. In ya ce "I hope he comes", ma'anarsa ina fatan ya zo, ko Allah ya sa ya zo. Har abin da ya wuce ana iya yi masa wannan fata, muddin labari bai iso ba: "I hope he arrived safely", watau Allah ya sa ya sauka lafiya.

Mai cewa "wish" kuwa ya riga ya sani, kuma abin da ya sani bai yi masa daɗi ba. Wannan shi ne "da ma" ko "ina ma" na Hausa. Abin lura shi ne yadda Turanci ke jan aikatau baya da taki ɗaya don ya nuna haka. "I wish I knew" siffarsa ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma maganar yanzu ake yi: ina ma na sani, alhali ban sani ba. In aka ƙara ja baya aka ce "I wish I had known", to, an iso ga da-na-sani sosai, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Hausa ba ta wahalar da aikatau haka. 'Yar kalmar nan "da" ta ɗauke mata nauyin.

To, me ya sa ake ruɗewa? Laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. A gaisuwa, "wish" fata ce tsantsa: "I wish you success" ina yi maka fatan nasara ke nan. A wasiƙar ofis kuma, "I wish to inform you" ba ta da alaƙa da fata ko nadama, hanya ce ta ladabi ta cewa ina so in sanar da kai.

Inda abin ya fi haɗari shi ne wajen ma'aikaci. A ce akawu ya nemi ƙarin girma, shiru, sai ya rubuta wa shugabansa "I wish you would reply". A ransa roƙo ya yi cikin ladabi. A kunnen mai harshen kuwa ƙorafi ne, kamar ya ce: wai kai ba ka amsa wasiƙa ne? Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "I hope you will reply". Haka nan mai duba marar lafiya a asibiti: "I hope you get well" addu'ar samun sauƙi ce, amma "I wish you were well" tuna wa majinyaci kawai ta yi cewa yana kwance, abin da ya fi kowa sani.