Ba Kowane Tari Ne Tarin Fuka Ba

Maganarmu ta yau a kan wani ciwon huhu ce wanda ba a cika ganinsa ba, amma ya kamata ku san da shi.

Kun san huhu biyu ne. Na dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, hanyoyin iska kuwa sun ratsa su kamar rassan itace. To, wani jariri tun yana ciki sai wani reshe ya ƙi tsirowa daidai, ya zama 'yan jakunkuna marasa amfani wajen numfashi. Ba laifin uwa ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Likitoci biyu 'yan ƙasar Sin, Ch'in da Tang, sun bayyana shi a 1949.

Wani da haki ake haihuwarsa, nan da nan a gane. Wani kuwa sai ya girma, har ya yi iyali, bai sani ba, sai dai ciwon haƙarƙari da zazzaɓi su riƙa dawo masa, kullum a gefe guda. Jakunkunan nan, in sun daɗe, wani lokaci sukan rikiɗa su zama ciwon daji, ko ga wanda bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Kaɗan ne ke kaiwa haka, kada hankalinku ya tashi.

Ga inda mutanenmu ke kuskure. In tari ya wuce mako biyu, ku zo ɗakin shan magani a auna kaki saboda tarin fuka. In ba a ga ƙwayarsa ba kuma tari ya ƙi tafiya, ko an sha magani wata shida bai bari ba, balle da jini ko rama, kada ku koma sayen ƙwayoyi a kemis. Ku roƙi malamin asibiti takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a kan titin Zariya daura da Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Tarauni. Can za a ɗauki hoton ƙirji. Ku tafi da tsofaffin hotunanku, gama likita yana so ya ga ko tabon wuri ɗaya yake tsaye.

Maganinsa tiyata: a cire kashin da ya lalace, a duba shi da madubin likita. Ga ƙaramin yaro, sauran huhun yakan girma ya cike gurbin. Ku kuma mata masu juna biyu, hoton ciki na wajen wata biyar yakan nuna shi tun kafin haihuwa.