Injin gazuwal ya dawo daga gyara yana ƙwanƙwasa: mi za a yi?

Hirar yau ta shafi masu injin niƙa da masu injin ban ruwa.

Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin shugaba Seyni Kunce, noman rani ya bunƙasa a ƙasarmu Nijar. A bakin kogin Isa, wajen Yamai, daga Gudel har Saga da Kirkisoy, akwai gonakin shinkafa da garake masu yawa. A ƙauyuka kuma injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka. Idan inji ya tsaya, shuka ta bushe, mata su koma ga turmi.

Ga abin da yakan faru. Mutum ya saida amfanin gonarsa, ya kai tsohon injinsa Yamai. Makaniki ya kwance shi, ya sa sababbin kaya. An kawo shi gida, an tada. Sai ga shi yana ƙwanƙwasa, yana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya. Mai inji kada ya firgita. Kada kuma ya yi kunnen uwar shegu.

Yadda injin ke aiki

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago shi. Injinsa ya yi aiki sosai a shekarar 1897. Injin gazuwal ba shi da buji kamar na esansi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai. Sa'an nan bakin feshi, wanda makanikai ke kira anjektar, ya fesa mai a ciki. Man ya kama wuta da kansa. Saboda haka inji yana son abu huɗu: iska mai tsabta, mai mai kyau, matsi mai ƙarfi, da feshi a kan lokaci. Idan ɗaya ya ɓaci, ƙara ta sake.

Na 1: a saurara

Ƙara ba iri ɗaya ba ce. Ƙaramar ƙara daga sama, kas-kas-kas, yawanci ta bawul ce, wato supap: tazararsu ta yi yawa. Wannan gyara ne mai sauƙi. Ƙara mai kaifi, kamar ana buga guduma a kan maƙera, yawanci ta mai ce: ko feshin yana zuwa da wuri, ko anjektar yana ɗiga. Amma ƙara mai nauyi daga ƙasa, dum-dum-dum, wadda ke ƙaruwa idan inji ya ɗauki aiki, ita ce mai haɗari. Ana zaton kusine ne ya yi sako-sako. A kashe injin nan take. In an ci gaba, sai ya buga, kuɗin gyara duka su tafi banza.

Na 2: a dubi hayaƙi

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, ko iska ta kasa, ko aiki ya fi ƙarfin inji. Farin hayaƙi mai yaji a ido: man bai ƙone ba, watakila feshin ya makara ko matsi ya kasa. Shuɗin hayaƙi: inji yana cin baƙin mai. Sabon gyara yakan yi shuɗi kaɗan a kwanakin farko, kafin zobban fistan su zauna. In bai daina ba, akwai magana.

Na 3: a fara da abu mai araha

A auna baƙin mai da ruwa. A zuba gazuwal kaɗan a kwalba, a bari ya kwanta. In akwai ruwa, za a gan shi a ƙasa. Gazuwal da aka gauraya da esansi yana sa ƙwanƙwasa, yana kuma ɓata famfon mai. Araha ba ta ado. A duba matacin mai. A duba matacin iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. Sa'an nan a fidda iska daga bututun mai: a sassauta ɗan ƙusan da aka yi domin haka, a yi ta bugun famfon hannu har kumfa ta ƙare, a ɗaure. Sau da yawa ɗingishin sabon gyara daga wannan iskar yake.

Na 4: aikin makaniki

In inji yana da fistan biyu ko fiye, makaniki yakan sassauta bututun anjektar ɗaya bayan ɗaya, inji yana tafiya. Wanda aka sassauta amma tafiyar ba ta sake ba, shi ne ba ya aiki. Wanda aka sassauta kuma ƙwanƙwasar ta ɓace, a wurinsa matsalar take. Makaniki zai kuma duba alamomin da ke jikin haƙoran giya. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya ɓata lokacin feshi.

Gargaɗi: kada kowa ya sa hannu a gaban anjektar yana feshi. Man yana huda fata. Wanda abin ya sama, a kai shi likita nan da nan, ko da ciwon ƙarami ne.

Na 5: a lallaɓa sabon gyara

Sabon gyara kamar ɗan maraƙi ne da ake koya wa huɗa. Kada a ɗora masa aiki mai nauyi a ranar farko. Kada kuma a bar shi yana ta juyawa banza ba aiki. Bayan kamar awa 50 a sake baƙin mai da matacinsa. Makaniki ya duba ɗaurin kan inji da tazarar bawul.

A nan ne karatu ke da rana. Mai inji ya sayi ɗan littafi. Ya rubuta ranar gyara, da kayan da aka sa, da awoyin aiki. Ya karɓi takardar biya da tsofaffin kayan da aka cire. In ya koma gareji da littafinsa, gardama ba za ta yi tsawo ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji:
1. Wace ƙara ce ke sa a kashe inji nan take?
2. Ta yaya ake gane ruwa a cikin gazuwal?
3. Wa ke rubuta awoyin injin garinku?

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu albarkar sana'a, amin.