Murya a Cikin Salula: Shin Har Yanzu Shaida Ce?

 



Karatunmu na yau a kan murya ne. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ladanai biyu ke kiran salla a Madina cikin azumi. Sayyidina Bilalu yana kira da sauran dare, mutane su ci gaba da sahur. Idan Ibnu Ummi Maktum ya kira, sai kowa ya janye hannu daga akushi. Mutumin da ke cikin ɗakinsa bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Da kunne yake rarrabe wannan daga wancan, kuma a kan wannan rarrabewa ya ɗora azuminsa. Wannan yana daga cikin hujjojin malamanmu na Malikiyya da suka ce ana karɓar shaidar makaho a kan magana, idan ya tabbatar da muryar mai ita. Sharaɗin dai shi ne yaƙini. Tun daga wancan zamani har zuwa jiya jiyan nan, uwa ba ta ɓata muryar ɗanta, mace ba ta ɓata muryar mijinta ko a cikin duhu.

To, ga abin da ya auku. A watan Nuwamba na 2022 wani kamfani a Amurka ya fito da ChatGPT, na'urar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Wannan fanni shi ne ake kira ƙirƙirarriyar basira. Masana sun bayyana cewa ana ɗura wa kwamfuta maganganu da rubuce-rubucen mutane masu yawan gaske, har ta gane yadda kalma ke bin kalma, da yadda sauti ke hawa da sauka. Ba ruhi gare ta ba, ba kuma aljani ba ne. Kwaikwayo ne da lissafi. Amma kwaikwayon ya kai inda idan aka ba ta ɗan guntun maganar mutum, irin wadda muke aikawa kullum ta WhatsApp, sai a rubuta mata abin da aka ga dama, ta faɗe shi da muryar mutumin nan, da numfashinsa da tsayawarsa.

A watan Janairu na 2024 an yi ta kiran mutanen wata jiha ta Amurka da muryar shugaban ƙasarsu, Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓe, alhali bai faɗa ba. A farkon shekarar 2024 kuma, a Hong Kong, wani ma'aikaci ya zauna taro ta bidiyo, ya ga fuskokin manyansa, ya ji muryoyinsu, suka umurce shi ya aika kuɗi. Ya aika kimanin dala miliyan 25, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta ƴan cefane ba. Babu mutum na gaske ko ɗaya a cikin waɗanda ya gani. Waɗannan masu boko ne, masu ofis da ma'aikatan tsaro. Ina ga tsohuwa a Safo da ɗanta ke haƙar zinariya a Jado, ko yake cin rani a Libiya?

Mu kuwa tun kafin wannan na'ura ƙafarmu ba ta da nauyi wajen bin jita-jita. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aka tashi mutane daga barci, aka dafa ruwa, aka sha, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Aka kuma yaɗa cewa Muhammadu Buhari ya mutu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito da bakinsa a ƙasar Folan, a Disamba na 2018, ya ce shi ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kowa a nan ya san irin saƙonnin da suka hana mu barci. Duk wannan da ƙarya tsirara aka yi shi. Yanzu an ɗinka mata riga.

Allah bai bar mu babu shiriya ba. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, ya umurci muminai da bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, don kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Malaman tafsiri sun ce an aiki wani ya karɓo zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya dawo ya ce sun hana, har aka fara shirin yaƙi. Da aka aika Halidu ɗan Walidu ya duba, sai ya iske suna kiran salla. Ku dubi kuma ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda ya tsayar da Madina wata guda kafin ayoyin Suratun Nur su sauka. Shugaban munafukai ne ya ƙaga maganar, amma mutum uku da aka yi wa bulala tamanin tamanin Musulmi ne, maza biyu da mace ɗaya, waɗanda suka ji suka maimaita. Mai danna "tura" ya san a wane sahu yake tsaye. Kuma cewa "yadda na samu haka na aiko" ba uzuri ba ne. Malaman hadisi ba su taɓa karɓar ruwaya daga wanda bai san daga wa ya ji ba, ko da maganar ta yi daɗi. Imamu Buhari ya shekara 16 yana tace littafinsa.

Yanzu ga mas'alar da ta fi damuna, ita ce saki. Mace tana zaune, mijinta na Agadas ko Aljeriya, sai ga saƙon murya: ya sake ta. Muryarsa ce sak. Me za a yi? Ni abin da nake gani, kuma nake roƙon ƴan'uwana malamai da alƙalai su duba, shi ne sharaɗin yaƙinin da magabata suka gindaya ba ya cika da saƙon salula kaɗai a yau. Kada waliyyi ya zo kwasar kaya, kada a karɓi gaisuwar wani manemi, har sai an sami mijin ya yi iƙirari da kansa, ko adilai biyu sun shaida sun ji daga bakinsa. Domin idan aka ɗaura wa matar aure wani aure a kan muryar ƙarya, ɓarnar ta wuce gida ɗaya, ta shiga nasaba da gado.

Amma kai miji, kada ka ji wannan ka yi murmushi. Na san za a sami wanda zai yi saki cikin fushi da harshensa, gari ya waye ya ce na'ura ce ta kwaikwaye shi. Alƙali zai iya rasa hujja a kanka, ya rantsar da kai ya sallame ka. Wannan bai halatta maka abin da ka haramta wa kanka ba. Idan saki na uku ne, zaman da za ku yi bayansa ka san sunansa, kuma mala'ikun da ke rubutu ba ta salula suka ji ka ba.

Sai maganar kuɗi. Yankinmu ya sha wuyar masu satar mutane da shanu, har zuciyar kowa ta zama a ɗarare. Mai ɗararriyar zuciya kuwa shi ne abincin macuci. Idan aka kira ka da muryar ɗanka yana kuka, a aika jika ɗari yanzun nan, ka yi ta maza ka kashe, ka kira lambarsa da ka sani, ko ta abokin tafiyarsa, ko mai masaukinsa. Ka tambayi mai muryar abin da na'ura ba ta da hanyar sani: sunan da kakarsa ke kiransa da shi, ko iccen da ke kan iyakar gonarku. Masu tafiya cin rani bayan salla, ku bar wa gida wata kalma tsakaninku kafin ku hau mota. Idan kuwa abin ya tabbata gaskiya, mai gari da jandarma su ji kafin ƴan zauren WhatsApp.

Haka ganin wata. A mazhabarmu wata na tabbata da adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za ta haɗu a kan ƙarya ba, sannan hukuma ta sanar. Daren 29 za ku ji muryoyi barkatai, wannan ya ce malam wane ya gani, wancan ya ce an gani a gari kaza. Kada kowa ya ajiye azumi sai ya ji sanarwar majalisar malamai ta ƙasa daga Yamai ta gidan rediyo, ko daga bakin limaminsa.

Ban ce a jefa salula a Gulbi ba. Da ita ɗa ke aiko wa uwarsa kuɗin gero, da ita ake kiran mota ga mai naƙuda cikin dare, wasunku ma da ita suke saurarena yanzu. Wani zai ce, to malam, kai ma ta yaya za mu san kai ne? Tambayar ta yi kyau. Wanda ya ji wani hukunci da muryata yana yawo, ya yi shakka, masallaci na nan, ina zama bayan La'asar. Ya zo ya tambaye ni ido da ido.

Gobe, in Allah ya yarda, za mu shiga babin zakkar kono, da abin da ya wajaba a kan mai gidan da ke da baƙi ƴan gudun hijira a ƙarƙashinsa. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya mayar da waɗanda ke hannun ƴan bindiga ga iyalansu, ya ba mu damina mai albarka.