Haɗa Irin Shanu Don Samun Nama

Yau zancenmu a kan shanu ne, musamman waɗanda a ke kiwo don nama.

Kowa ya taɓa zuwa kara, ko ta Wudil, ko ta Potiskum, ko ta Maigatari, ya ga yadda mahauci ya ke yi. Ya kan dafa gadon bayan sa, ya taɓa cinya, ya dubi ƙirji, sa'an nan ya taya. Sai ka ga bijimai biyu sa'o'in juna, sun ci ciyawa ɗaya, sun sha ruwa ɗaya, amma an tayi ɗaya da daraja, ɗayan kuwa an rena shi. Sau da yawa bambancin daga iri ya ke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shanunmu iri iri ne, kowane da baiwar da Allah ya ba shi. Bunaji, watau farar saniya mai baƙin kunne, tana da nono da jimirin yunwa. Bokolo na ƙasar Sakkwato gajeren ƙaho gare shi, ga jiki a cike, ga sanyin hali. Rahaji ja ne, mai dogon ƙaho da dogayen ƙafafu, gwanin tafiya mai nisa. Gudalin Adamawa ya yi suna wajen nama. Azawak na ƙasar Nijar ya saba da zafi da ƙarancin ruwa. A kudu kuwa akwai Muturu, 'yar ƙarama marar tozo, wadda ta ke jure wa sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa.

Haɗa iri shi ne a sa bijimin wani iri ya barbari saniyar wani iri dabam. Maraƙin da aka haifa shi mu ke kira ruwa biyu. Rabin jininsa na uba ne, rabi na uwa.

Amfani na farko shi ne a tara halaye biyu a jiki ɗaya. Idan uwa mai jimiri ce mai nono, uba kuwa mai faɗin ƙirji da saurin girma, maraƙi zai ɗebo daga nan, ya ɗebo daga can. Wannan ba sabon abu ba ne. A ƙasar Borgu da ƙasar Yarbawa akwai shanun da a ke kira Keteku, waɗanda suka fito daga haɗuwar Muturu da shanu masu tozo irin su Bunaji. Sun fi Muturu girma, sun kuma fi Bunaji jure wa sammore.

Amfani na biyu ya fi ban mamaki. Masana sun gwada sun tabbatar, ruwa biyu ya kan zo da wani ƙarin ƙarfi na kansa. In aka auna girman irin uba da na irin uwa aka raba tsakiya, sai a tarar maraƙin ya zarce tsakiyar nan. 'Yan maruƙa ba su cika mutuwa ba. Karsana ruwa biyu ta kan ɗauki ciki da wuri, ta kuma shayar da ɗanta sosai. Dalili kuwa, kowane iri yana da rauninsa a ɓoye cikin jini. In jini ɗaya ya yi ta komawa kan kansa, raunin uwa ya gamu da na uba, sai ya fito fili. In kuwa jinin na nesa ne, ƙarfin wannan ya kan rufe raunin wancan. Don haka garken da bijimi ɗaya ya daɗe yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa ya kan tsumbure.

Amfani na uku na aljihu ne. San da ya isa yanka da wuri ya rage maka cin harawa da dusa, ya rage maka wahalar rani guda, kuɗinka kuma ya juya da sauri.

Mutanen wasu ƙasashe sun ci ribar wannan dabara. A jihar Texas ta Amurka akwai wani babban gandun kiwo, King Ranch. Shanunsu na Shorthorn, 'yan asalin Ingila, suna da nama amma zafi da kaska suna wahalar da su. Sai suka haɗa su da Brahman, shanu masu tozo irin namu waɗanda kakanninsu daga Indiya su ke. Suka yi ta zaɓe har suka sami sabon iri, Santa Gertrudis, mai kashi 5 cikin 8 na Shorthorn da kashi 3 cikin 8 na Brahman. Gwamnatin ƙasar ta amince da shi a 1940.

Amma fa ku saurari abin da ya faru kusa da mu. A tashar kiwo ta Wakwa, kusa da Ngaundere a ƙasar Kamaru, cikin shekarun 1950 aka kawo bijiman Brahman daga Amurka aka haɗa da Gudali. 'Ya'yan suka yi girma da kyau. Sai kirci ya shigo. Ya fi cin Brahman tsantsa, ya ci ruwa biyun ƙwarai, Gudalin gida kuwa kaɗan ya taɓa. Kun ji darasi. Baƙon jini yana kawo nama, yana kuma iya kawo raunin da saniyar gida ba ta da shi.

To, wanda ya ke so ya gwada, ga abin da mu ke ba shi shawara.

Ya fara da duban rumbunsa da rijiyarsa. Ruwa biyu ya fi cin abinci. In babu harawa da karmami da aka tanada tun kaka, babu dusa da angurya da kanwa, babu ruwa kusa, zai fi saniyar gida ramewa da bazara.

Ya fara da abin da ke kusa. Bijimin Bokolo ko Gudali a kan shanun Bunaji haɗa iri ne, kuma duk sun san ƙasar. In za a kawo jinin waje, kada ya wuce rabi.

Ya zaɓi bijimi da hankali. Saniya maraƙi ɗaya ta ke bayarwa bayan ciki na wata 9, bijimi kuwa shi ne uban dukan maruƙan shekara. A sa malamin dabbobi ya duba shi, don kada a sayo bakkale, mai sa shanu ɓari. Kada kuma a sa ƙaton bijimi a kan 'yar ƙaramar karsana, haihuwa za ta yi mata wuya.

Ya dandaƙe sauran mazan da ba ya so su barbara, ya turke su don kasuwa.

Kada ya yi ta haɗa ruwa biyu da ruwa biyu. In aka yi haka, rabin ƙarin ƙarfin nan ya kan tafi, 'ya'yan kuma su fito barkatai. A sake bijimi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Kada ya rabu da dukan shanunsa na asali. Da su a ke yin ruwa biyu. In sun ƙare, ba kuɗin da zai komo da jinin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sabawa da ƙasarmu.

Ya rubuta. A sami ɗan littafi, a sa sunan saniya, da bijimin da ya barbare ta, da ranar haihuwa, da kuɗin da aka sayar da maraƙin. Bayan shekara 3 ko 4 littafin nan zai gaya maka gaskiyar riba ko hasara.

Mai neman ƙarin bayani ya je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa. A Shika kuma, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken kiwo ta ƙasa, wadda ta faro daga gonar gwajin dabbobi a 1928. A gwada da shanu biyu ko uku tukuna, a ga yadda suka ƙetare rani, kafin a sa garke duka.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya kiyashe ta daga annoba. Amin.