Jaki a Kan Keke, ko Keke a Bayan Jaki?

Jawabin shugabar kwamitin sufuri a ranar bikin cikar ƙungiya shekara goma



An ce in yi magana a kan yadda za mu riƙa ɗaukar kayanmu, tunda wata mai zuwa za mu kaɗa ƙuri'a a kan abin da za a saya da kuɗin asusu. Kun san inda matsalar take. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin da muke ba ɗan sahu ya ɗauko mana buhunan gyaɗa daga kasuwa, ya kuma kai man da ƙuli-ƙuli wajen masu sari, yana cin wani babban yanki na ribarmu. Ma'aji tana nan, littafinta shaida ne.

A taron da ya wuce, da muka gaji da gardama, wata uwarmu ta ce, "To, tunda mai ya gagara, a ƙera mana keken da jaki zai riƙa tuƙa feda!" Aka yi ta dariya, har da ni. Da na koma gida na ba jikana labari, sai yaron ya ce, "Hajiya Kaka, ai an taɓa yi." Ya nuna mini hoto a waya. Na ce ƙarya ne, haɗi ne irin na 'yan intanet. Muka yi kwana biyu muna bincike, ashe yaron ya fi ni gaskiya.

A watan Oktoba na 1829 aka yi wata gasa a Ingila, a wani wuri da ake kira Rainhill. Kamfanin da ya shimfiɗa layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester yana neman abin da zai ja masa taragu, ya sa kyautar fam 500. Masu injin tururi suka kawo nasu. Shi kuwa wani mutum, Thomas Brandreth, sai ya zo da nasa salon, wanda ya sa wa suna Cycloped. Ya ɗora doki a kan keken, a ƙarƙashin kofatansa akwai shimfiɗar katako mai juyawa. Dokin yana ta tafiya amma yana wuri ɗaya, shimfiɗar ce ke gudu a ƙarƙashinsa tana juya tayoyi. Sharaɗin gasar shi ne a yi mil 10 a awa. Keken dokin bai wuce wajen mil 5 ba. Injin su Stephenson, mai suna Rocket, ya kusa mil 30, ya kwashe kyautar.

Kar ku ɗauka mutumin wawa ne fa. Tunaninsa shi ne, doki ba ya iya sukuwa wuni guda, amma in aka haɗa shi da giya, zai yi tafiyarsa a hankali tayoyi kuma su yi sauri. Hakan ne dai yake faruwa a keken hawa: ƙafa ta juya sau ɗaya, taya ta juya sau biyu ko uku. Inda lissafin ya ɓaci wuri biyu ne. Na farko, duk inda ƙarfe ya gogi ƙarfe, ko kaca ta bi haƙori, wani ɓangare na ƙarfin yana salwanta a nan. Na biyu, wanda ya fi ba ni dariya, dokin da ya kamata ya ja kaya shi kansa ya zama kaya. Nauyin doki babba ya kai buhun masara huɗu ko biyar. Kafin a ɗora ko da tiya ɗaya, keken ya riga ya cika da mai jan sa.

Hakan bai hana wasu sake gwadawa ba. A 1850 wani ɗan Italiya, Masserano, ya nuna irin wannan keken dawakai a Landan. A 1875 kuma wani Bafaranshe mai suna Huret ya ƙera keke mai ƙafa uku, manyan tayoyinsa biyu kamar keji suke, ya zuba kare ɗaya cikin kowace taya suna gudu a ciki, mutum yana zaune a tsakiya. Wannan shi ne hoton da jikana ya nuna mini. Masu kare haƙƙin dabbobi suka taso masa, abin bai je ko'ina ba. Ni dai tambayar da na yi ita ce, in kare ɗaya ya hango kyanwa, ɗayan kuma bai gan ta ba, ina keken zai dosa?

To jaki ba zai tuƙa mana feda ba, uwata, ki yi haƙuri. Amma maganarki ta sa na yi wani lissafi da ban taɓa yi ba, shi ne nake so ku riƙe.

Masana suna auna ƙarfin inji da ƙarfin doki. Mutum mai lafiya, in zai wuni yana tuƙa feda, abin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki ɗaya ba. Ƙaramin injin markaɗe irin wanda ke cikin unguwanni, an rubuta masa ƙarfin doki biyar da rabi. Wato sai mu tara mata hamsin da 'yan kai, kowace da kekenta, kafin mu yi aikin wannan injin guda. Na faɗi haka ne saboda na ji wasu na cewa a haɗa injin markaɗenmu da feda mu huta da sayen mai. Ba zai yiwu ba. Akwai wata ƙungiya a ƙasar Guatemala, Maya Pedal, da take mayar da tsofaffin kekuna su zama na'urar ɓarar masara, da ta jawo ruwa daga rijiya, da ta ƙananan niƙa, kuma suna aiki. Amma ku lura, duk ayyuka ne marasa nauyi, na ɗan lokaci. Mu ma ai mun san wannan. Keken ɗinki fa? Da ƙafa muke tuƙa shi tun zamanin iyayenmu, babu wuta babu mai, domin allura ba ta neman ƙarfi mai yawa. Buhun gyaɗa kuwa ba allura ba ne.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Duk lokacin da aka ce "wannan ba ya cin mai, kyauta ne," ku tambaya, ƙafar wa za ta tuƙa? Ni da na haura sittin, gwiwata tana ƙara? Ko Hajiya Shugaba? Mun san amsar, ko ba a faɗa ba. 'Yan matanmu za a tasa, waɗanda muka kafa ƙungiyar nan domin mu cire su daga talla mu sa su makaranta. Yau a ce ta tuƙa na awa ɗaya kafin ta tafi, gobe a ce aiki ya yi yawa ta bari sai jibi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni ban yarda a saya mana duk wani abu da yarinya 'yar makaranta ce man fetur ɗinsa ba.

Shawarar kwamitinmu kashi biyu ce. Na farko, kaya mai nauyi daga kasuwa zuwa wurin aikinmu, a sayi jaki da amalanke mai tayar mota. Wannan shi ne keken da ya dace da jaki: shi a gaba a ƙasa, tayoyi a baya. Jakin da ke nishi da buhu ɗaya a gadon baya, in aka ba shi amalanke mai kyau a hanya miƙaƙƙiya zai ja buhu uku ko huɗu, domin taya ce ke ɗauke da nauyin, shi ja kawai yake yi.

Ba zan ɓoye muku ba, jaki ya yi tsada, ba kamar da ba. Ana yanka su ana fitar da fatar zuwa Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani. Abin ya kai Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma a Fabrairun 2024 ta amince a daina yanka su don fata. Don haka wanda muka saya sai mun tsare shi, da turke a cikin gida, ba a bakin titi ba. Kuma jaki ma yana da nasa man: dusa, harawa, ruwa, maganin tsutsa. Bambancin dai shi ne harawar gyaɗa da ta wake daga gonakinmu suke fitowa, babu wanda zai tashi da safe ya ce ya ƙara musu kuɗi a gidan mai. Na roƙi abu guda: a sa masa ɗamara mai faɗi da laushi a ƙirji, kar a ɗaura masa igiya tana cin wuya. Jakin da ya yi gyambo ba ya aiki, alhakinsa kuma yana kanmu.

Na biyu, rarraba galan-galan na mai da ƙuli-ƙuli a cikin gari. A nan feda tana da amfani, don kayan ba nauyi, tafiyar kuma gajera ce. Masu walda da ke ƙera keken guragu za su iya yi mana mai ƙafa uku da akwati a baya. Sharaɗinmu shi ne a ɗauki saurayi baligi, a yanka masa albashi, a rubuta shi a littafin Ma'aji kamar yadda ake rubuta kuɗin mai.

Na san akwai masu son a sayi ɗan sahu namu na kanmu, kuma suna da hujja. Ya fi sauri, in wata ta tashi haihuwa da dare zai kai ta asibiti, abin da jaki ba zai yi ba. Ban raina wannan ba. Amma kuɗinsa ya ninka na sauran biyun a haɗe, ga mai, ga gyara, ga direban da ba ma ganin inda yake zuwa. In muka zuba asusu duka a kansa, bana babu rancen jari ga kowa.

Ma'aji za ta liƙa farashin ukun a ƙofar ofis kafin Juma'a. Kowace ta je ta duba, wadda ba ta karatu ta tafi da 'yarta ta karanta mata. Ku shawarci mazajenku, musamman waɗanda suka taɓa riƙon jaki. Ranar ƙuri'a ku zo da katinku.

Hajiya Shugaba, na ga kin duba agogo sau biyu, kuma na ji ƙamshin shinkafa.