Fuskokin dattawan Birni, wa zai adana mana su?

Maganata ba doguwa ba ce.

Duk baƙon da ya shigo Birni, fadar Sarkin Damagaram muke kai shi, mu nuna masa zanen da magina suka yi a jikin soraye, mu ba shi labarin Sarki Tanimune da ganuwarsa da bindigoginsa. Madalla. To tsohon da ke zaune kan tabarma a gindin bangon nan fa? Rawaninsa, babbar rigarsa mai aska takwas, tsagar fuskarsa. Ko kakarmu Hajiya da turkuɗinta da lalle har wuyan hannu. Ku dubi juna a zauren nan: mu nawa ne ke da tsaga? An daina yi, kuma ban ce a dawo da ita ba. Amma ran da aka rufe na ƙarshensu, shi ke nan, ta tafi.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, nan ne ma babban birnin Nijar har 1926. Sun ɗauki hotunan mutanen ƙasar nan sun yi katin waya da su, sau da yawa ba suna, sai dai a rubuta ƙabila, kamar ana lissafin dabbobi. Mu ma da wayoyinmu haka muke yi: ƙyas, a ɗora a Facebook, ba a tambayi mutum ba.

Shi ya sa nake kiran masu hannun zane a cikinmu, ku gwada fentin ruwa. Takarda mai kauri, burushi, ruwa a gwangwani. Ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu, farin rawani kuwa takardar ake bari yadda take. Da hunturu yana saurin bushewa, sai an yi hanzari. Amfaninsa dai, dole ka zauna gaban dattijo awa guda ko biyu, kuma wallahi ba zai yi shiru ba. Zuriyarsa, sana'arsa, wanda ya ɗinka rigar, duk za ka ji. Rubuta su a bayan takardar.

Wani zai ce maka addini bai yarda masa da hoto ba. Kada ka ja da shi. Ka ce: "Baba, to a bar ni in zana rigar da rawanin." Wanda ya yarda kuwa, zanen na farko nasa ne, kai ka riƙe kwafi, kuma ba ka ɗora shi a intanet sai da izininsa.

Mai son shiga aikin ya ba da sunansa da unguwarsa kafin mu tashi.